Wace ƙaramar tocila zan saya: mai batir ko mai caji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin wani ƙauye a yankin Kaltungo. Ina yawan kwana a wurin aiki, wuta kuma sai ta yi kwanaki ba a kawo ba. Cikin shekara guda na sayi tocila mai caji har uku, duk sun daina riƙe caji. Yanzu ƙarama nake so, wadda za ta shiga aljihun riga. Da na shigo Gombe na ga iri-iri: akwai mai cin batirin rimot, akwai mai cin batirin agogon bango, akwai kuma wata ta ƙarfe da aka rubuta lumen 100,000 a kwalinta. Wacce ta fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri bisa wannan aiki na dare. Gyaran kayan lantarki da haɗa sola ne sana'ata a nan Gombe, kuma tocila tana cikin abubuwan da aka fi dire mini a kan benci ana cewa, "Duba mini, ko wata biyu ba ta yi ba." Don haka bari mu fara da gawarwakin nan uku da ke gidanka kafin mu je ga sabuwa.

Ko ban gan su ba, ina kyautata zaton irin na robar nan ne masu ƙafa biyu da ake turowa a soka a soket. In ka kwance ɗaya, galibi za ka tarar da ɗan batir mai kusurwa huɗu, na dalma da asid, mai bolt 4. Ƙanin batirin mota ne, halinsu kuma ɗaya: ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf a bar shi a haka. In ya yi kwanaki babu caji, wani farin gishiri yakan kama farantan dalmar da ke ciki ya daskare, kuma duk inda ya kama da wuya ya sake aiki. Kai kuwa kana inda wuta ke yin kwanaki. Ga kuma cajar da ke cikinta, wadda yawanci babu abin da ke yanke mata wuta idan batir ya cika. Ka soka ta a janareta da magariba, ka manta da ita sai da safe, ta kwana tana dahuwa. Yunwa ta ci rabin batirin, ƙoshi ya ƙarasa sauran. Ba hannunka ne ba ya riƙe kaya ba, ba a yi irin wannan tocila don wuri irin naka ba ne.

Abin da nake gaya wa duk mai sayen tocila shi ne, batir za ka zaɓa, tocila bin sa take yi. Tsawonta, kaurinta, awa nawa za ta yi a kunne, da hasken da za ta iya riƙewa ba tare da ta sare ba, duk daga batir suke fitowa.

Sai dai kada ka auna batir da lambar mAh kaɗai, wato awon cajin da ake rubutawa a jikinsa. Wannan kamar a ce maka mudu goma ne, ba a faɗa maka mudun wace kasuwa ba. Ka ninka mAh ɗin da bolt ɗinsa, ka raba da dubu, sai ka sami ainihin abin da ke cikinsa, wato wat-awa. Batirin rimot, wanda ake rubuta wa AAA, mai caji mai kyau yana da kamar 800 mAh a bolt 1.2, kusan wat-awa 1 ke nan. Na agogon bango, AA, yana da kamar 2,000 mAh a bolt 1.2, wat-awa 2.4. Shi kuwa batirin litiyam da ake kira 18650, mai kyau daga cikinsu yana kai 3,500 mAh a bolt 3.6, wat-awa 12 da ɗoriya. Ka ga guda ɗaya ya tashi AA biyar, ko AAA goma sha biyu. Sunan nasa ma awonsa ne: kaurin milimita 18, tsawon milimita 65.

Yanzu mu mayar da shi awanni. Lumen shi ne ma'aunin yawan haske. Hasken lumen 100, wanda ya isa ka yi tafiya a hanyar ƙauye ko ka haska ɗaki, yana cin kusan wat ɗaya. To AAA guda ba zai cika awa ba, AA zai yi awa biyu ko kusa da haka, 18650 kuma zai kai ka daga sallar isha'i har asuba da saura.

Tocila mai AAA ɗaya ba ta fi ɗan yatsa ba, kuma wannan ne kaɗai abin yabonta. Ta rataya a makulli ce, ka nemo ramin kwaɗo da ita, ka leƙa ƙarƙashin gado. Olight i3T, wadda tana cikin masu kyau a wannan aji, lumen 180 take bayarwa a matakin sama, 5 a na ƙasa. Ba zan sa ta a hannun mai kwana aiki in ce ita ce madogararsa ba. Wadda ta fi ba ni haushi ita ce mai cin AAA uku a cikin wani ɗan kejin roba. Ta yi kaurin mai 18650, amma abin da ke cikinta kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai, ga sifirin kejin da ke tsatsa, sai ka riƙa bubbuga ta a tafin hannu kafin ta kama.

Mai AA ɗaya ita ce wadda nake girmamawa, kuma dalilin ba ƙarfi ba ne. Babu ƙauyen da za ka shiga daga Ɓilliri har Nafaɗa ka rasa batirin agogo a teburin mai shago. Tsawonta kamar santimita 8 zuwa 9, tana kwanciya a aljihun gaba kusa da biro ba ta ja rigar ƙasa ba. Amma batirin AA ɗin ma iri uku ne, kuma mutane kan ɗora wa tocila laifin batir. Mai arahar nan mara nauyi na zinki da gawayi ne, an yi shi don agogo da rediyo masu shan wuta kaɗan-kaɗan. In tocila ta ja shi da ƙarfi, nan da nan yake durƙushewa. Na alkalin, irin su Duracell da Energizer, ya fi shi nesa ba kusa ba, sai dai in ka manta shi a ciki wata da watanni yakan yi yoyo, ya fitar da farin garin nan mai cin ƙarfe, har marfin ya ƙi kwancewa. Na sha fasa tocila mai kyau da filaya saboda haka. Na ukun shi ne mai caji na NiMH. Eneloop, wanda Sanyo ta fitar a 2005 kuma yanzu Panasonic ke yin sa, shi ne sananne a cikinsu: ba ya yoyo irin na alkalin, yana riƙe cajinsa watanni a ajiye, ana caja shi ɗaruruwan lokuta. Matsalarsa sai ka sayi cajarsa daban.

Akwai wani tarko a nan. Ana sayar da batirin litiyam mai suna 14500 wanda girmansa daidai yake da AA, ba ka bambance su da ido. Amma idan ya cika bolt 4.2 ne, shi kuwa AA bolt 1.5. In tocilarka an rubuta tana karɓar duka biyun, madalla, haskenta zai ninka. In ba a rubuta ba ka sa mata, za ta yi wani haske mai ban sha'awa na ɗan lokaci, daga nan ta yi shiru ke nan.

Batirin 21700 ya fi 18650 ciki, yana kai 5,000 mAh, amma tocilarsa ta fara fita daga aljihun riga ta koma ta jaka. CR123A kuwa ka manta da shi, ba a caja shi, yana da tsada, kuma sai ka zaga kasuwa ba ka samu ba.

To mu zo ga mai lumen 100,000. Ƙwan lantarki na da, mai wat 60, lumen 800 yake bayarwa ko kusa da haka. Ƙwan LED mai kyau yana ba da lumen ɗari da 'yan kai a kan kowane wat. Ke nan lumen 100,000 na buƙatar wutar da ta doshi wat 1,000, abin da dutsen guga na lantarki ke ci. Ka taɓa ganin dutsen guga yana aiki da batir ɗaya mai kaurin babban yatsa? Da gaske ne ma, da ba za ka iya riƙe ta a hannu ba. Irin waɗannan in aka auna su, 'yan ɗaruruwa ake samu. Kuma duk kamfanin da ya yi ƙarya a gaban kwali, kada ka yarda da abin da ya rubuta a bayansa.

Hatta kamfanonin ƙwarai sai ka iya karanta lambarsu. Akwai ma'aunin da ake kira ANSI FL1, wanda aka fitar a Amurka a 2009, shi masu gaskiya ke bi. A wannan ma'auni ana auna lumen ne jim kaɗan bayan kunnawa, daga daƙiƙa 30, lokacin da batir ke cike kuma tocila na da sanyi. Awannin da aka rubuta kuma ana ƙirga su ne har sai hasken ya faɗo zuwa kashi 10 cikin ɗari na farkonsa. Don haka in ka ga "lumen 1,300, awa ɗaya da rabi", ba ana nufin za ta yi awa ɗaya da rabi tana ba da 1,300 ba ne. Lumen 1,000 yana cin wat 8 zuwa 10, mafi yawansa kuma zafi yake zama, ɗan jikin alminiyom mai tsawon tafin hannu ba zai iya fitar da shi ba. Bayan minti biyu ko uku tocilar da kanta za ta rage haske zuwa 'yan ɗaruruwa don kada ta ƙone. A bazarar Gombe, Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke taɓa digiri 40 kuma dare ma ba ya hucewa, ragewar tana zuwa da wuri. Ba lalacewa ta yi ba, hankali ne da ita. Wadda ba ta ragewa ita ce abin tsoro.

Idon mutum ma ba ya ƙirga haske yadda kwali ke ƙirgawa. Sai ka ninka lumen sau huɗu kafin ido ya ce haske ya ninka sau biyu. Tsakanin lumen 800 da 1,000 ba za ka ga komai ba, amma batir zai gani. Shi ya sa ni matakin tsakiya nake dubawa, na lumen 100 zuwa 300, domin a nan mutum yake rayuwa da tocilarsa. Na saman na leƙa bayan katanga ne in ka ji motsi.

Nisan haske kuma wani abu ne daban da yawansa. Ruwan bokiti ɗaya ne, ko ka watsa shi a tsakar gida ko ka tura shi ta siririn tiyo. Faɗi da zurfin kwanon da ke bayan gilashi su ke sa haske ya yi nisa, ƙaramar tocila kuwa ƙaramin kai gare ta. Mita ɗin da ake rubutawa a kwali ana auna su ne har inda haske ya koma kamar na farin wata daren sha huɗu. Ka raba lambar biyu, sannan ka sami nisan da za ka iya gane mutum daga kututture. Masu zuƙowar nan da ake jan kansu gaba da baya suna burge mai saye a shago, amma in ka zuƙo, wani kaso mai yawa na hasken a cikin bututun yake maƙalewa, kuma duk ja ɗaya tana shaƙar iska da ƙura kamar famfon keke. Zuwa ƙarshen hunturu gilashin ya yi hazo ta ciki.

Kai ma ba nisa kake buƙata ba. Mutumin Kaltungo ba sai an ba shi labarin kububuwa ba, asibitin masu saran maciji a garinku yake, kuma ka fi ni sanin cewa da dare take yawo, launinta kuma na busasshiyar ƙasa da ganye ne. Hasken da zai tsare ka shi ne mai faɗi, wanda ke buɗe taku biyar zuwa goma a gabanka har da gefen hanya, ba siririn da ke haska bishiyar da ke can nesa ya bar ƙafarka cikin duhu ba.

Wannan ya kawo mu ga launin haske, abin da kusan babu mai tambaya a shago, alhali a aikinka ya fi lumen muhimmanci. Yawancin tociloli masu araha farin haske suke bayarwa mai ɗaukar shuɗi-shuɗi, wanda ake rubuta wa 6500K a ma'aunin launin haske. Yana kashe ido, shi ya sa ake ganin ya fi ƙarfi, amma yana wanke launi. Ja yakan koma kamar ruwan ƙasa, fata ta yi toka-toka. Kai da za ka ja fatar idon mai ciki ka duba ko jininta ya yi ƙasa, ko ka duba rauni ka gane inda nama ke da rai, ba ka son fitilar da za ta yi maka ƙarya. Nemi wadda aka rubuta 4000K zuwa 5000K, kuma in akwai lambar CRI, wato awon yadda haske ke nuna launi na gaskiya, ta kai 90. Ƙwan Nichia 519A ya yi suna a wannan fanni. Ko a hazon hunturu mai ɗumin launi ya fi daɗin gani, shuɗin yakan bugi ƙura ya dawo maka a ido, kamar direban da ya kunna babbar fitila cikin hazo a hanyar Dukku. Sai kuma mataki na can ƙasa, lumen 1 zuwa 5, na duba ƙwayar ido da karanta katin majinyaci ba tare da ka tashi ɗaki duka ba. Ka tabbata tocilar tana iya farawa daga ƙasa. Akwai waɗanda in ka danna sai su fara da mafi ƙarfi, sannan tsakiya, sannan walƙiyar nan mai ƙyaf-ƙyaf, sai ka bi ta kansu duka kafin ta mutu. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari bai taɓa shiga ɗakin haihuwa da ƙarfe biyun dare ba.

Da ni ne kai, mai 18650 zan saya, mai tsawon santimita 11 zuwa 12, jikin alminiyom, wadda ake kwance gindinta a ciro batir, kuma mai ramin caji na USB-C a jikinta. Ciro batir ɗin nan shi ne sharaɗin da ba na sassautawa. Batirin litiyam yana tsufa bayan 'yan ɗaruruwan caji, in an manne shi a ciki to ranar da ya mutu tocila ta mutu. Ramin USB-C kuma yana nufin ba ruwanka da NEPA: fawa banki, ƙaramin faifan sola, ko shagon cajin waya na bakin tasha, duk sun wadatar. Wasu masu arahar ba sa karɓar caji sai da wayar cajin da ɗaya bakinta babba ne irin na da, don haka gwada kafin ka ce ta lalace. Wurkkos FC11 misali ce ta wannan siffa, tana da maganaɗisu a gindi da za ka manna ta a ƙarfen rataye ruwa ko a ƙyauren taga hannunka biyu su huta. Convoy S2+ tana da ƙarko da sauƙin kuɗi, sai dai ba ta da ramin caji, sai ka nemi caja daban. Irin waɗannan galibi ta intanet ake yin odarsu. In a kasuwa za ka saya wadda ba ta da sanannen suna, siffar za ka bi, ba sunan ba. Sannan ka ƙara da 'yar mai AA ɗaya a jaka, don ranar da komai ya ƙare sai teburin mai shago.

Amma duk wannan lissafi yana rushewa in batirin jabu ne, kuma jabun 18650 ya fi na gaske yawa a idona. Kwanaki wani ya kawo mini guda biyu sababbi fil, jajaye masu ƙyalli, an rubuta 9,900 mAh, yana ƙorafin tocilarsa ba ta kai rabin awa. Na ɗora ɗaya a ɗan sikelin da nake da shi, bai kai giram 30 ba. Na ɗauko tsohon da na ciro daga batirin laftof, ya ba da giram 45. Na sa masa su a tafin hannu, ɗaya dama ɗaya hagu, bai ƙara tambayata komai ba. Babu 18650 na gaskiya da ya wuce kimanin 4,000 mAh, duk wanda ya rubuta 5,000 ko 9,900 ya riga ya gaya maka ko shi wane ne. Masu yin na ƙwarai sanannu ne: Samsung, LG, Panasonic, Murata, Molicel, kuma nasu ba su da ado, leda ce mai launi ɗaya da 'yan lambobi. Na laftof da masu gyara ke cirowa tsofaffi ne amma na asali, sau da yawa sun fi sabon jabu, muddin an auna su. Wanda aka tarar ya faɗi ƙasa da bolt 2.5 a bar shi.

In ka je shago, ka roƙi mai kaya ya bar ka ka kunna ta a mataki na sama ka riƙe minti biyar. Jikinta ya kamata ya yi ɗumi, alamar zafi yana fita ta ƙarfen ke nan. In haske ya yi ƙarfi jiki kuma ya zauna da sanyi, zafin yana can yana cin ƙwan. Kwance gindin ka duba ko akwai zoben roba baƙi a kan zaren, shi ke hana ruwa da ƙura. A lambar jure ruwa da ake rubutawa a kwali, IPX4 na nufin ta jure yayyafi, IPX7 na nufin ta yi minti 30 a ruwa mai zurfin mita ɗaya, wanda ya isa ga mai hawa babur da damina. Girgiza ta kusa da kunne, kada ka ji komai na kaɗawa.

Litiyam yana da nasa sharuɗɗan. Kada ka bar tocila ko batir a cikin mota a rufe da rana, ko a kan taga inda rana ke duka. In ledar jikin batir ta yage ko kaɗan, kada ka sa shi sai an sake masa riga, domin duk gangar jikinsa waya ce. Masu makunni a gefe suna shan wuta kaɗan-kaɗan ko a kashe, kuma suna kunna kansu a aljihu, na ga wadda ta ƙona aljihun kaftani. In za ka ajiye ta, sassauta marfin gindin kwata ɗaya, a yawancinsu hakan yana yanke wutar gaba ɗaya. Batirin ajiya kuma kada ya kwana aljihu ɗaya da makulli ko tsabar kuɗi. Kai da kake asibiti ba ka rasa robar magani da ta ƙare mai marfi, wanke ta, ta bushe sarai, ka sa shi a ciki.